Marin da Sarkin Fawa Ya Sha a Gurbin Marke

Ku da kuke kiwon tarwada a tankin roba a bayan gida, kuna watsa mata abinci daga buhu kamar masu ba kaji tsaba, ku ne kuke tare ni a kasuwar Sabon Birni kuna cewa wai sana'ar su ba wani aiki ba ce, kifi ne da ruwa, sai mai ɗauka. Na ji. Amma tarwadarku ba ta taɓa ganin gulbi ba, ku ma haka. Duk kifin da ya fito da gashin baki tarwada kuke ce masa, sai ka ce duk mai gemu a garin nan liman ne. To ku gyara zama. Ni Mamman a kan gora na tsufa, kuma daga Isa zuwa Sabon Birni babu gurbi, wato ramin ruwan da kan rage in gulbi ya janye, da bai san cikina ba.

Ranar da mahaifina ya kai ni wurin Baba Ɗan Ige, Sarkin Ruwan ƙauyenmu, na zaci zai miƙo mini homa, wato komar nan ta hannu mai baki kamar baka, in faɗa ruwa in fara zama mutum. Sai ya kwance rawaninsa ya ɗaure mini ido, ya ajiye masaki cike da ruwan laka a gabana, ya ce in sa hannu in gaya masa wa ke ciki. Na ce ai ba na gani. Ya ce, “Da hannu aka gani cikin ruwan ga.” Na cusa hannu da ƙarfina na samari, na damƙi wani abu, abin ya damƙe ni. Ƙaya ta shige mini tafin hannu, ta ƙi fita, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne kifin yana ta gunaguni kamar ni na yi masa laifi. Baba ya bar ni na gama rawar da zan yi, sannan ya ce wannan shi ne kurungu, mun gaisa ke nan.

Kurungu ɗan ƙarami ne, amma kansa ƙashi ne zalla, kuma yana da ƙaya a baya da gefe biyu. In ya ji an taɓa shi sai ya miƙar da su ya kulle, ko da ƙarfi ba ka lanƙwasa su, sai dai ka karya. Ƙayar tana da haƙora irin na zarto, shiga da sauƙi, fita da kuka. Da gindin ƙayar nan yake yin gurnanin da kuke ji in an fitar da shi tudu. Akwai kuma wani irinsa mai baƙin ciki, ba baƙin ciki na hassada ba, fatar cikinsa ce baƙa. Shi wannan a rigingine yake iyo, ciki sama, yana tsintar abin da ke kan ruwa. Baƙo ya gan shi sai ya ce mushe ne, ya miƙa hannu, mushen ya juya ya yi tafiyarsa.

Daga nan Baba ya riƙa canza mini kifin masaki, ni kuma ina canza tsumman da nake ɗaure yatsu. Tarwada ta gaskiya, in ka shafa bayanta, fiffike guda ne ya taso daga bayan kai har wutsiya bai yanke ba. Ramboshi ɗan uwanta ne, ya fi ta faɗin kai da girman jiki, amma fiffikensa ya rabu, rabin baya tsoka ce mai laushi, babu ƙashi a ciki. Ragon ruwa kuwa jikinsa fari-fari, gashin bakinsa dogo, wutsiyarsa ta rabu biyu, ga shi da son jiki: ruwa mai zurfi mai gudu yake so, in ruwa ya ɓaci shi ne farkon mutuwa. Tarwada ba ruwanta. Ku fasa kanta ku duba, za ku ga wani jan abu mai rassa a ciki, da shi take shan iska kamar ni da ku. Saboda haka take rayuwa a cikin taɓon da ko kwaɗo zai yi masa tsaki, kuma in ƙasa ta jiƙe takan dogara ƙayoyin gefenta ta ja ciki a tudu, daga wannan ruwa zuwa wancan.

Ɗaya ce Baba bai sa mini a masaki ba, ya ce yana son mahaifina. Ita ce minjirya. Ƙatuwa ce mai taushi, jikinta da ɗigo-ɗigo, idonta ƙanana, bayanta sumul babu fiffike sai ɗan guntu kusa da wutsiya. Ba ta da ƙaya, ba ta da sauri, ba ta da kyau. Kogo take samu a ƙarƙashin saiwa ta zauna abinta shekara da shekaru. In ka taɓa ta sai ka ji an fizge maka hannu tun daga farce har wuya, haƙoranka su haɗu ba da izininka ba. A lokacin babu wutar lantarki a ƙauyenmu, ba mu da abin kwatanta ta. Mu dai mari muke ce wa abin, kuma duk masuncin da ya ce muku bai taɓa shan marin nan ba, to a bakin gaɓa ya yi sana'arsa.

Sanin sunayen nan ba ado ba ne, abinci ne. Inna Tumba mai banda, wadda ke sayen kamunmu tana ƙyafewa, fatake su ɗauka ta Burkusuma su tsallaka da shi Nijar, ba ta taɓa shiga ruwa ya wuce idon sawunta ba, amma ka cusa mata ramboshi cikin tarwada, daga nesa za ta ɗago shi da wutsiya ta tambaye ka ko uwarka ce ta haife shi da ka ɓoye shi. Kowanne da wutarsa, kowanne da mai sayensa. Kurungu na masu miya ne, ragon ruwa na masu baƙi, minjirya kuwa sai an feɗe mata fatar nan mai kauri, kuma masu cinta ba su da yawa, amma wanda ya saba ba ya bari. Limamin ƙauyenmu yana cikinsu. Duk wadda aka kama, a ɓoye Baba yake aika masa, don shi Liman ba ya son a san yana da kwaɗayi.

Yanzu ga shekarar da nake son ku ji. Damina ta ɗauke tun gero bai cika ido ba, dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe. Gulbi ya yanke da wuri, ya zama yashi, mutane suna ratsa shi da jaki. Gurabu suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura guda, mai zurfi, a ƙarƙashin wani tsohon marke. Gurbin Marke muke ce masa. Duk kifin da ya tsira a yankinmu can ya taru. A al'ada Sarkin Ruwa kan rufe gurbin nan da rani, ba mai jefa ko ƙugiya sai ya buɗe, domin iyayen kifin baɗi su ne a ciki. In suka ƙare, ko gulbi ya cika ya batse, ruwa ne kawai zai wuce mu. Ni a lokacin ina da mata da yara, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, don rumbuna ya riga ya fara amsa kuwwa.

Wanda ya kawo rikicin shi ne Labbo, Sarkin Fawan ƙauyenmu. Makiyaya sun kora shanunsu kudu neman ciyawa, ɗan abin da ya rage ƙashi ne da fata, rumfar Labbo ta zama wurin hutun ƙuda, su ma ƙudan don sabo suke zuwa. Sai ya samo shawara a kasuwa cewa in aka zuba kwalbar maganin feshin gona a gurbi, kafin a yi sallar azahar duk kifin zai taso sama, sai kwasa. Ya tara masu jin yunwa, kuma kowa na jin yunwa, suka tafi ƙofar Maigari. Ku sani fa, tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun kaka da kakanni. Mu muna ce musu masu wanka da jini, su suna ce mana masu warin ƙarni, ba mai fushi. Amma wannan karon wasan ya zo da kwalba a aljihu.

Baba ya fara da gaskiya tsirara. Ya yi bayanin ƙwai, ya yi bayanin baɗi, ya ce maganin ba ya zaɓe, zai kashe uwa da ɗa, ya kuma shiga cikin wanda ya ci. Mutane suka saurare shi kamar yadda ake sauraron mai wa'azi ranar kasuwa. Wani ya ce baɗi ta Allah ce, yau ce tasu. Na ga Maigari ya fara gyaɗa kai wajen Labbo, na ce a raina shi ke nan, gurbi ya tafi.

Sai Baba ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya. Shi mutum ne da ba ya ƙarya, ko a ciniki, abin da ya sa bai taɓa yin arziki ba.

“Ranka shi daɗe, ni ban hana kowa ba,” in ji shi. “Amma akwai mai magana cikin gurbin ga, kuma ba mutum na ba. Akwai mai kwana rigingine shina tahiya. Akwai mai hita tudu ba ƙahwa. Akwai kuma mai mari, ba ta da hannu.”

Mu masunta da ke zaune a baya muka dubi ƙasa, kowa yana cizon leɓe, don mun gane kurungu da tarwada da minjirya ya lissafa, ko ƙwayar ƙarya babu. Sauran jama'a kuwa manoma ne, a miya suka san kifi. Labbo ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce wannan tatsuniyar masunta ce, mutanen da ko kaza ba su iya yankawa. Ya ce shi da yake kayar da bijimi da hannu ɗaya, gobe da la'asar zai shiga gurbin a gaban kowa, ya fito da mai marin nan a kunne, in ya fito lafiya a zuba magani. Maigari ya yarda.

“Shiga, Sarki,” in ji Baba. “Abu guda nika roƙonka. Kogon da ke ƙarƙashin saiwar marken, hannun hagu, kak ka sa hannu ciki.”

A nan ne aikin yake. Da Baba ya ce masa ya sa hannu, da bai sa ba. Amma masunci ya hana mahauci abu a gaban jama'a, ai ya zama dole. Baba ya san abokin wasansa kamar yadda ya san kogon, kuma ya san wadda ke zaune a ciki tun ina ɗaure yatsu da tsumma.

Washegari ƙauye ya watse zuwa bakin gurbi, har da mutanen Kamarawa da labari ya iske a hanya. Labbo ya zo da layu a damtse, da wuƙarsa a ƙugu, ban san wa zai yanka ba. Bai iya iyo ba, sai aka ce in ara masa gorata. Gorar masunci ƙatuwa ce mai baki a sama, kana kwanciya rub da ciki a kan bakin, ita ce jirginka, ita ce kuma ma'ajiyar abin da ka kama. Akwai wani kurungu da nake ajiye da shi a tulu a gida tun kafin a rufe gurbi. Yadda aka yi ya koma cikin gorar nan da ɗan ruwansa, ni dai na tsufa, ba komai nake tunawa ba.

Hawan farko gora ta juye da shi, ya sha ruwa, ya taso yana cewa gwaji yake yi, Allah ya sa kurungun bai zube ba. Hawa na biyu ya daidaita, ya fara tafiya yana dukan ruwa da hannu bibbiyu, yana zagaye wuri guda. Duk jijjigar nan ta ishi kurungu, ya fara gurnani. Gora kuwa ta ɗauki muryar ta ƙara mata kauri, ta zuba ta daidai cibiyar Labbo. Muka ga ya tsaya cak, ya dafe ciki. Daga baya ya ce da farko ya zaci yunwa ce, sai ya tuna cikinsa bai taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Yana cikin haka wani mai baƙin ciki ya biyo ta gabansa a rigingine. Labbo ya ɗaga murya ya ce ga mushe nan, ya kai hannu, mushen ya kaɗa wutsiya ya nutse. Daga gaɓa muna ganin ƙeyarsa tana sheƙi da gumi, alhali rabinsa a ruwa yake.

Na yaba masa fa, bai juyo ba. Ya waiwayo ya ga jama'a, ya ga Baba tsaye yana girgiza masa kai yana nuna kada, sai ya ciji haƙora ya nufi saiwar. Ya zura hannun dama har kafaɗa a cikin kogon.

Ban taɓa ganin ƙaton mutum ya bar ruwa da irin wannan sauri ba. Gora ta yi gabas, Labbo ya yi yamma, kuma mutumin da bai iya iyo ba ya iso gaɓa kafin gorar ta daina juyi. Ya zauna a laka riƙe da hannu, bakinsa a karkace, wuƙa ta tafi, laya ɗaya ta tafi. Maigari ya tambaye shi abin da ya gani.

“Ban gani ba, ji niy yi,” in ji Labbo. “Ta mare ni tun daga yatsa hal ƙeya. Kuma sai da tay yi mani kashedi cikin gora, ni na ƙi ji.”

Jama'a suka ja da baya daga bakin ruwa. Sai Liman ya matso, ya dubi Baba, ya ce tsakaninsa da Allah ya faɗi abin da ke cikin kogon nan. Na ce a raina asiri ya tonu, don na san Baba ba zai yi ƙarya ba. Baba ya ce, “Allah shi gafarta Malam, halittar Allah ta.” Liman ya shafa gemu, na ga maƙogwaronsa ya motsa kamar mai haɗiyar yawu, don ya gane ƙawarsa ce ta cikin romo. Ya ce to halittar Allah a bar ta inda Allah ya ajiye ta. Ba a sake maganar kwalba ba.

Kada ku zaci Baba ya bar mutane da yunwa yana gadin kifi. Ya buɗe gurbin, amma mu kaɗai muke shiga, tunda ba mai gardamar shiga yanzu, kuma da hannu muke kamu. Tarwada in ka juya cikinta, namiji yana da ɗan tsinin nama kusa da mafitsara, mace ba ta da shi. Maza manya muke fitarwa, matan mu mayar. Inna Tumba ta ƙyafe, a raba gida-gida, kuma kason farko gidan Labbo ake kaiwa, wai na jinya. Ba a ƙoshi ba, amma ba a rasa abin kaɗa miya ba har ruwa ya sauko.

Ruwan farko mai ƙarfi da safe ya zo. Fadama ta jiƙe, ciyawa ta nutse, tarwada ta ji ƙamshin sabon ruwa, lokacin zuba ƙwanta ya yi. Ba ta jira gulbi ya haɗe da gurbi ba, ta fito tudu tana jan ciki, garke guda, ta nufi fadama. Hanyarta kuma ta bi ta gaban rumfar Labbo. Yana zaune yana wasa wuƙa ya ga abu baƙi yana tahowa ba ƙafa, ya tuna lissafin Baba, ya ga saura wannan ne bai cika ba. A kan teburin nama aka same shi tsaye, yana cewa ai ya tuba, me kuma ya rage. A shekarar nan kifi ya yi yawa har Inna Tumba ta rasa itace.

Baba ya daɗe da rasuwa. Labbo kuwa, duk rani in an rufe gurbi, sai ya ɗauki tabarmarsa ya je gindin marke ya zauna, yana nuna wa duk mai wucewa hannunsa. Labarin yana girma tare da shi. Mari ɗaya ya zama uku, muryar gora ta koma kiran sunansa da na mahaifinsa. Wanda duk ya zo da kwalba a aljihu, in ya zauna da Labbo, da kwalbarsa yake komawa. Ni kuma ina yi masa dariya a ɓoye, ina jin daɗin mun ci mahauci.

Bara da ya kwanta ciwo na je gaishe shi. Ya kori jikokinsa, ya ce in matso da warin ƙarnina.

“Mamman, kihi na,” ya ce. “Minjirya ta. Tun damanar nan nis sani, na iske Liman shina cin ƙanwarta.”

Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗi duk shekarun nan.

“In nic ce kihi na, da sahe kwalba ta shiga ruwa. Kuma mahauci shi tsaya gaban jama'a shi ce kihi ya mare shi? Gara aljana.” Ya yi tari, ya kama hannuna. “Ka nemi wani wawa shi gaje ni, ni na gaji.”

Na yi dariya har na yi hawaye, hawayen kuma suka ƙi tsayawa bayan dariyar ta ƙare. Bai kai damina ba.

Bana da rani na je gindin marke, ba tabarma, ba kowa. A cikin ciyawa na tsinci kwalbar maganin feshi, ba a buɗe ta ba tukuna, mai ita ya ji motsina ya gudu. Shi ya sa na tara ku. Kun ce kun duba a waya, kun san sunanta har da Turanci, kun san ba aljana ba ce, kifi ne kawai mai ɗan lantarki. Madalla da ilimi. Gurbin yana nan, marken yana nan, gorata ma tana nan, zan ara wa duk mai so, gobe da la'asar, a gaban jama'a. Abu guda nake roƙonku. Kogon da ke ƙarƙashin saiwar, hannun hagu, kada wanda ya sa hannu a ciki.